Amsar Tambayar Kawu Ɗanlami

Kawu, ka yi mini tambaya ran Lahadi,
layi na yankewa, murya na dawowa:
"Shitu, wai injiniyan me kake a Ingila?
Na gada ne, ko na mota?"
Na ce zan rubuto. To ga shi,
daga Slough, ƙarfe biyu da kwata na dare.

Shekara talatin kana hawan turakun waya a Gusau,
ɗamara a ƙugu, filaya a baki,
rana na dukan ƙeyarka.
Aikinka na gada, Kawu, sai dai ni ba na hawa.
Turakuna suna cikin ɗaki marar taga,
baƙaƙen akwatuna a jere, sun fi ni tsawo,
kowanne da 'yan fitilu kore suna ƙifta ido.
Sanyin ɗakin ba don ni aka kunna shi ba,
don injin ne.
Ni sai dai in ƙara riga.

Takardar ɗaukar aiki ta ce:
tsara hanya, shimfiɗa ta, tsare ta,
in ta mutu ka tashe ta.
Hanyar me? Hanyar saƙo.
Hoton ƙirjin wata tsohuwa da likita ke jira,
albashin direban bas yana shiga banki,
har muryarka ta ran Lahadi.
Kowane saƙo ana yanka shi gunduwa-gunduwa,
a manna masa adireshi a goshi,
ni ke ce masa bi nan, can akwai cunkoso,
kamar ɗan sandan mararraba da ba wanda ke gani.
Ni ne kuma maigadi.
Ɓarayin nan ba sa haura katanga,
daga wata ƙasa suke ƙwanƙwasa ƙofa,
sau dubu kafin asuba.

Laraba da ta wuce,
wani mai motar haƙa a Langley
ya tsinke mana babbar waya, ya tafi shan shayi.
Ƙarfe uku wayata ta yi kuka a ƙarƙashin filo.
Na fito da takalmi ba safa, ruwa na zuba.
Fitilun nan duk sun koma ja.
Na karkatar da komai ta ɓarauniyar hanyar
da na shimfiɗa bara,
wadda shugabata Gillian ta kira ɓarnar kuɗi.
Minti arba'in, kore ya dawo.
Da safe ta wuce ni da kofi a hannu,
ta ce, "Jiya dai shiru, ko?"
Na ce shiru.
Haka aikin yake: in na iya shi, ba wanda ya san da ni,
sai ranar da ya ɓaci ake tuna sunana,
a kuma faɗe shi a karkace.

Sai batun albashi, don na san can ka nufa.
Fam dubu arba'in da shida a shekara.
Kar ka juya shi zuwa naira,
ai na san ka riga ka juya.
Kafin ya iso hannuna haraji ya ci nasa,
mai gida ya kwashi rabin saura
a kan ɗaki ɗaya mai kallon layin dogo.
Ga kuɗin jarrabawa duk bayan shekara uku,
don ilimin nan kamar nono yake, yana tsami.
Akwai ɗan ƙari na kwanan jiran kira,
wato kuɗin barcin da aka saye.
Shi nake turo muku.

Filayarka tana cikin jakata har yanzu,
mai jan hannun nan da ya tsage.
Ba ta da aikin yi a nan,
wayoyinmu na gilashi ne, sun fi gashi siranta.
Amma ban cire ta ba.

Fitila ɗaya ta fara ja a layi na bakwai.
Bari in duba.
Ka gaida Inna Tabawa,
ka ce mata ina cin abinci.